Ganuwar da Aure Ya Cinye

Idan ka baro Ikara ka nufi Paki, kafin ka yi nisa za ka hangi wani dutse ta hannun hagu, ya yi zaune a tsakiyar gonakin masara kamar wanda aka bar wa jiran kaya. Shi ne Dutsen Jatau, ƙauyen da ke gindinsa kuma namu ne. Ba mu da asibiti, ba mu da kasuwa, famfonmu guda ne, shi ma sai ya ga dama. Amma muna da tarihi, kuma duk baƙon da ya yi kuskuren zama a bencin mai shayinmu sai ya sha tarihin kafin shayin ya huce.

Mai ba da tarihin shi ne Lado, Sarkin Dutse. Sarautar ba rawani ba albashi, gado ce kawai daga kakan kakansa Jatau. An ce Jatau ne ya hau da mutane kan dutsen a zamanin yaƙe-yaƙe, ya kewaye samansa da ganuwar duwatsu, ya bar ƙofa guda wadda mutum biyu ba sa shiga a jere. Mahara suka zo suka yi wa dutsen zobe, suna jiran yunwa ta sauko da mutane. Yunwa ba ta sauko da kowa ba. Safe da yamma sai su ga hayaƙin tuwo yana tashi daga bayan ganuwa, har suka gaji suka kwashe komatsansu. In ka tambayi daga ina maharan suka fito, wannan ya danganta da kai. In daga arewa ka zo, to daga gabas suka fito. In daga gabas ka zo, sai su koma mutanen arewa. Lado ba ya son ɓata wa mai saya masa shayi rai.

Abu ɗaya ne ba ya canzawa a bakinsa, shi ne tsayin ganuwar. Yakan ajiye kofi, ya ɗaga hannu sama har hammatar rigarsa ta yi ƙara, ya ce, "Mahayin doki ya miƙe a kan sirdi, ya ɗaga mashi, wallahi bai taɓo kanta ba."

Daga wancan hayaƙin tuwo al'adarmu ta samo asali. Duk 'yar ƙauyen nan da za a kai ɗakin miji, sai an sauko mata da duwatsu uku daga jikin ganuwar ta kafa murhu, kuma Sarkin Dutse ne ke miƙa mata da hannunsa ranar tafiya. Muna cewa wutar da aka hura a kansu ba ta barin gida da yunwa. Limaminmu Malam Ja'afaru yakan yi mana faɗa cewa dutse bai taɓa ciyar da kowa ba, Allah ne mai ciyarwa. Mu ce gaskiya ne, Allah gafarta Malam. Sannan mu bi shi gida mu ci tuwon da aka tuƙa a kan duwatsun Jatau.

Abin da kakanninmu suka manta ba su faɗa ba shi ne a mayar da duwatsun in aure ya mutu. Lantana mai ƙosai aurenta biyar, kuma kowane da sabon murhunsa, don ta ce ita ba ta kai tsohuwar toka sabon gida. Mu kuwa mutane ne masu son aure, Allah kuma Ya hore mana 'ya'ya mata. Haka aka yi ta yi tun zamanin da ba wanda ya tuna, babu wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunanin inda abin zai kai.

Shi kansa Lado rabonsa da hawan dutsen tun kafin waya ta shigo ƙauyen. Gwiwoyi suka fara ciwo, tumbi ya zo ya zauna, sai ya ɗora aikin a kan Ɗayyabu, ɗan ƙanensa, magidanci mai sana'ar acaɓa. In biki ya taso Ɗayyabu ya hau ya sauko da uku, Lado ya karɓa a gindin dutse, ya yi addu'a, ya miƙa. Daga ƙasa ba a hangen ganuwar, bishiyoyi da manyan duwatsu sun tare. Wannan bai taɓa damun Lado ba. Ai a cikin kansa yana ganinta sarai, kullum ma ƙara tsayi take yi.

Ana cikin haka, a ƙarshen damina, wasu mutane masu hular kwano suka zo da farar mota, suka kafa wani abu mai ƙafa uku suna leƙen dutsen ta cikinsa. Kafin la'asar labari ya gama gari: kamfanin fasa dutse ne, za su niƙe Dutsen Jatau ya zama tsakuwar titi. Lado ya koma gida ya kwanta, ya ƙi cin abinci. Matarsa Mero ta san abin ya kai inda ya kai, don a iya zamansu ba ta taɓa ganin fushi ya raba shi da kwano ba.

Autarsu Hafiza ce ta kawo dabara. Malamar firamare ce a Ikara, bikinta da wani Zakiyyu saura 'yan makonni. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakinsa ta ce, "Baba, akwai ofishin da ke kula da wuraren tarihi. In suka zo suka gani da idonsu cewa akwai ganuwa, suka rubuta, babu mai taɓa dutsen nan."

Lado ya tashi zaune. "In suka gani? Ai sai dai in makafi za su turo. Kira su, Auta, kira su yanzu."

Ta kira. Aka ce wata Malama Ramla za ta zo ranar Alhamis ta sama. Lado ya ce a kawo masa tuwon da ya ƙi ci, a haɗa da na gobe in akwai.

Washegari ya aika aka kira Ɗayyabu. Bayan sun gaisa, an tambayi iyali da gajiya da kasuwar babur, ya ce, "Ka samu mutum biyu ku hau ku sassabe ciyawar da ke jikin ganuwa. Ba na son baƙuwa ta ce ba ma kula."

Ɗayyabu ya sosa ƙeya. Ya dubi ƙasa, ya dubi kajin Mero, ya sake sosa ƙeya.

"Baba, wace ganuwar?"

"Ganuwa nawa gare mu?"

"A'a, wai ina nufin... gara dai ka hau ka gani, Baba. Ni bakina ba zai iya ba."

Hawan da Lado ya yi ran nan, har yau matan da ke roron gyaɗa a gindin dutse suna kwaikwayonsa. Ya fara da sanda da kirarin Jatau. Kafin rabi ya bar kirari ya koma salati. Daga can ya bar sandar ya koma rarrafe, Ɗayyabu yana turo shi ta baya kamar motar da batirinta ya mutu. Da suka kai sama ya zube a kan wani falalen dutse yana haki, sai da numfashinsa ya dawo ya ɗaga kai ya ce, "To, mu ƙarasa wajen ganuwar."

"Ai a kanta kake zaune, Baba."

Lado ya duba. Fili ne fetal, sai ciyawa da kashin awaki. In ka ƙura ido za ka ga wani layi na duwatsu da suka nutse a ƙasa, ya kewaye filin kamar sawun tsohon shinge. Can gefen gabas, inda ƙofar take, akwai ɗan guntun gini da ya rage, duwatsu a kan duwatsu, sun yi kore don tsufa. Lado ya je ya tsaya kusa da shi. Iya gwiwarsa ya kawo.

"Wa ya sace mana ganuwa?" in ji shi.

"Ba wanda ya sata, Baba. Kai kake aiko ni. Kafin ni kuma babana Zainulabidin kake aikowa. Uku-uku ne, amma ka tuna bara kaɗai biki nawa aka yi. Kuma maza in za su ɗora rumbu sukan ce a ƙaro musu 'yan ƙanana don albarka. Harsashin masallaci ma..."

"Ya isa!"

"Na so in faɗa maka tuntuni. To duk sanda na zo sai in tarar ka ɗaga hannu kana maganar mai doki, sai in ji nauyi."

Lado ya zauna a ƙasa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ciwon da ba shi da wanda zai ɗora wa. Da ɓarawo ne da ya san abin da zai yi, ya tara jama'a ya yi ta zage-zage har a ba shi haƙuri. To ɓarawon da addu'a ya riƙa ɗauka, kuma shi ne mai yin addu'ar.

Da ya gama jimami, ka san abin da ya fara zuwa masa a rai? Hafiza. In gwamnati ta karɓi wurin nan ƙila ta hana ɗaukar ko tsakuwa, ga bikin Auta ya matso. Shi da ya miƙa wa 'ya'yan kowa, har Lantana sau biyar, a ce tasa 'yar ce za ta tafi hannu rabbana? Ya nuna guntun ginin ƙofar da leɓe.

"Ciro mini uku a nan. Masu kyau."

"Baba, su ke nan fa suka rage."

"Shi ya sa na ce ka ciro yanzu."

Ɗayyabu ya ciro uku daga sama, ya saka a buhu. A ranar suka kwana a ƙarƙashin gadon Lado, ko Mero bai gaya wa ba.

Saura ganuwar da za a nuna wa baƙuwa. A nan ne Lado ya yi tunanin da ya ɗauka ko Jatau bai taɓa yin irinsa ba. Duwatsun ai ba ɓacewa suka yi ba, suna nan a madafin kowane gida. A aro su, a mayar sama, a jera, baƙuwa ta gani ta rubuta, kowa ya ɗauki nasa. Ya fara da gidansa don a ga misali.

Mero tana tuƙa tuwo ta saurare shi har ƙarshe, muciya ba ta tsaya ba. "Malam, wato in sauke tukunyata, in ba ka murhun da babanka ya miƙa mini, ka kai wa awaki su hau?"

"Kwana kaɗan ne."

"A kwana kaɗan ɗin me za ka ci?"

"Kakanninmu sun jure yunwar yaƙi."

"Kai da bakinka ka ce ba su yi yunwa ba. Ai labarin ke nan."

Duk da haka ta bayar, don ta san in aka fasa dutsen mijinta ba zai ƙara zama mutum ba. Sauran matan ma suka bayar, bayan Lado ya bi gida-gida yana sallama yana durƙusa wa waɗanda ya haifa. Amma sun kafa sharaɗi: kowacce nata za a dawo mata da shi, ba na wata ba. Kar ka ga dutse ka ce dutse ne, kowace mace ta san zaman tukunyarta. Saboda haka kowacce ta yi wa nata alama a gindi. Wata ta ɗiga lalle, wata shuni, amare suka yi da jan farce. Lantana ta sa aka rubuta mata sunanta da fentin da ya rage na ƙofar shago, ta haɗa da tsofaffin da ta jibge a bayan ɗaki, don ta ce ita mai kishin gari ce.

Haka ƙauyenmu ya shiga halin da maharan da ba su iya jefa shi ba. Hayaƙi ya ɗauke. Masu kurfoti na gawayi da 'yan amaren da ke da gas suka zama manyan gari. Saura kuwa sai garin kwaki da burodi. Mai shayi ya yi cinikin da bai taɓa yi ba, har ya fara cewa shi ma a ganinsa tarihi abu ne mai muhimmanci. Maza suna hawa da duwatsu a ka, ciki na kuka, suna tsine wa kamfani a fili, suna tsine wa Lado a ciki.

Kafin Alhamis an tayar da ganuwa a gefen ƙofar, doguwa ba laifi, ta kai ƙirjin mutum. Matsala ɗaya ce: kowane dutse gefensa guda baƙi ƙirin ne da hayaƙin shekaru. Ɗayyabu ya ce a juya baƙin ciki. Lado ya tsaya ya karkata kai, idonsa ya yi haske.

"A'a. Ku juyo shi waje. Ai wuta maharan suka cinna wa ganuwar, ta ƙi ci."

"Yaushe, Baba?"

"Tun da. Mantawa na yi ban taɓa faɗa ba."

Malama Ramla ta iso da hantsi a motar haya, ta ƙarasa a bayan babur ɗin Ɗayyabu. Mace ce mai matsakaicin shekaru, da hijabi ruwan toka da takalmin roba irin na masu shiga gona. Ta durƙusa ta gaida Lado yadda ya kamata, ta sha ruwa, ta ce a hau. Ta riga kowa kaiwa sama. Lado ya iso daga baya, an riƙe shi hagu da dama, babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf. Hafiza na biye da shi riƙe da hularsa.

Abin da bai shirya masa ba shi ne matan gari. Sun riga su hawa, sun yi sahu a inuwar wata ƙirya, kowacce da gammonta a cinya. Sun zo gadin kayansu, kuma sun ƙudura cewa baƙuwa na juya baya za su kwashe, don yau kam sai an ci tuwo.

Lado ya yi kamar bai gan su ba. Ya gyara murya ya fara. Ya kawo Jatau, ya kawo mahara, ya tambayi Malama daga ina take, ta ce Zariya, sai ya bar maharan a arewa. Ya kawo kibau masu wuta suna zubowa kamar ruwan sama, ya dafa baƙin dutse ya ce, "Ga shaida nan, ranki ya daɗe. Wutar yaƙi ce."

Malama Ramla ta matso. Ta goga yatsa a jikin dutsen, ta duba, ta kai hanci. Ta matsa gaba ta kankare wani abu da farce, busasshe, kore-kore. Ta daɗe tana kallonsa, gefen bakinta yana motsi.

"Baba, Allah ya ja kwana, a wannan yaƙin miyar kuka aka yi ko ta kuɓewa?"

Wata daga cikin matan ta tuntsire da dariya, aka ɗaka mata duka a cinya. Malama ta ɗaga wani dutse daga saman jerin ta juya gindinsa. Ga rubutu ɓaro-ɓaro da shuɗin fenti.

"Wace ce Lantana?"

"Ga ni, 'yar nan," in ji Lantana daga inuwa. "Wannan na aurena na uku ne. Ki ajiye shi a hankali, shi ya fi zama daidai."

Nan fa dariya ta ɓarke, har maza. Mu haka muke, in asirinmu ya tonu mu ne kan gaba wajen dariya. Lado kaɗai bai yi ba. Ya tsaya da hannunsa a kan ganuwar aro, kunya ta rufe shi tun daga kai har gwiwoyin da ke ciwo.

Malama ta je ta zauna cikin matan, ta ce su ba ta labari. Suka ba ta, suna katse juna: duwatsu uku, hannun Sarkin Dutse, wutar da ba ta barin gida da yunwa. Ta saurara da gaske, ta yi tambayoyi, ta ce ita ma a kan murhu ta tashi amma ba ta taɓa jin inda murhu ke da asali irin wannan ba. Sannan ta tashi ta bi layin nan na duwatsun da suka nutse, wanda mu ko kallo bai ishe mu ba, tana ɗaukar hoto da waya har ta kewayo. A wajen guntun ginin ƙofar ta tsaya. Ta tsuguna, ta sa hannu a saman, inda gurabe uku suke, ƙasar cikinsu ko bushewa ba ta gama yi ba.

Ta dawo gaban Lado. Yanzu babu wasa a fuskarta.

"Baba, wannan da kuka jera ba zan rubuta shi ba, kayan girki ne. Amma layin can na gaske ne, ƙofar nan ma ta gaske ce, kuma sun isa a tsaya a kansu. Sai dai an ciri uku daga ƙofar a 'yan kwanakin nan. In na koma na ce a hana kamfani, za a tambaye ni, a hana su don wa? Su da inji za su cinye dutsen, ku da biki kuke cinye shi. Sun fi ku sauri ne kawai." Ta ɗan sassauta murya. "In ukun nan suka dawo mazauninsu, kuka yarda daga yau ba a ƙara sauko da ko ɗaya, zan rubuta, zan kuma tsaya a kai. In ba haka ba, ban ga abin da zan kare ba."

Ɗayyabu ya sami wani abu mai ban sha'awa a tafin hannunsa ya ƙura masa ido. Matan suka dubi juna, don kowacce ta san bikin wa ya matso, kuma kowacce ta iya lissafin uku. Mero ta dubi mijinta, kallon da ya gane ta daɗe da sanin abin da ke ƙarƙashin gado, ai ita ke shara.

Lado ya juya wajen Hafiza. Tana tsaye riƙe da hularsa.

"Auta," ya ce.

"Baba, ka mayar," ta ce a hankali. "Ni ko babu komai, Zakiyyu ya sayi gas."

Ta faɗa ne don ta sauƙaƙa masa, amma da ta san yadda maganar za ta soke shi da ba ta faɗa ba. Ya karɓi hularsa ya saka. Ya ce wa Malama ta jira, ya nufi hanyar sauka. Ɗayyabu ya bi shi yana cewa bari ya ɗauko, Lado ya ce ko ya taɓa buhun nan bai yafe ba.

Ɗaya-ɗaya ya hau da su, a ka, a kan gammon da Mero ta naɗa masa da ɗankwalinta. Kafin ya kawo na farko matan sun rushe ganuwar aro, suna saukowa a jere kowacce da nata, shi yana hawa suna ba shi hanya. Babu wadda ta yi dariya, ko Lantana cewa ta yi, "Sannu, Sarki." Kafin ya kawo na biyu hayaƙi ya fara tashi daga gidaje. Na ukun da rarrafe ya ƙarasa da shi, yana tura shi gaba kamar mai tura buhu, rana ta yi sanyi. Malama ta nuna masa yadda kowanne yake zaune a da, ya saka da hannunsa. Tun daga Jatau, duk Sarkin Dutsen da aka yi saukowa da dutse ya sani. Lado ne na farko da ya hau da shi, kuma sai da ya yi jinyar gwiwa har ana gobe biki.

Ranar da za a kai Hafiza, mota ta tsaya a ƙofar gida, an ɗaure kaya, mata sun cika zaure. Aka zo daidai inda Sarkin Dutse ke fitowa da duwatsu. Lado ya fito da sanda, ya tsaya gaban 'yarsa, hannunsa babu komai. Ya fara addu'ar da ya yi wa 'ya'yan mutane shekara da shekaru, ya kai tsakiya muryarsa ta ƙi. Mutane suka sunkuyar da kai.

Sai ga Mero ta fito daga madafi, tana riƙe da dutse da tsumma, don bai huce ba. Ta ajiye a gaban mijinta, ta koma ta kawo na biyu, ta kawo na uku. Baƙaƙe ƙirin, da ɗigon lalle a gindinsu.

"Malam, miƙa mata. Daga ganuwar suke, babanka ne shaida. Ba a ce sai sababbi ba."

Lado ya sunkuya ya ɗauka. Zafin ya ratsa tafin hannunsa, bai saki ba. Hafiza mai gas ta karɓa tana kuka, har toka ta ɓata mata lalle. A bayan taro aka ji Lantana tana cewa ita tana da na 'yan mata huɗu a ajiye, duk mai so ta zo, kuma tun daga ranar haka ake yi: uwa ta ba 'ya.

Da yamma Mero ta jera bulo uku na siminti ta tuƙa tuwo a kai. Lado ya ci yana neman aibu, ya juya loma ta nan ya juya ta can. Abin haushi, daɗinsa ɗaya da na jiya.

Masu hular kwano ba su dawo ba. Bayan 'yan watanni aka kawo wani allo daga ofishin tarihi aka kafa a gindin dutsen, akuya ta fara sosa jiki da shi tun ranar. Baƙi sukan tsaya jefi-jefi, kuma bencin mai shayi yana nan inda yake. Kwanan baya wani direba da tayarsa ta fashe ya zauna, ya saya wa Lado shayi, ya sha Jatau da mahara da hayaƙin tuwo. Da aka zo ƙarshe ya ce, "To Baba, ganuwar nan tsayinta ya kai yaya?"

Lado ya ajiye kofi. Hannunsa ya fara tashi sama da kansa, don ya saba. Muka zuba ido. Ya tsaya a rabi, ya sauko da shi a hankali, ya dafa gwiwarsa mai ciwo.

"Iya nan," ya ce. "In kana da ƙafa ka hau ka gani, tana nan."